Karas ɗin Daji

Bara waccan guda ɗaya ce tak,
a gindin shingen ƙyarana, can ƙasan lambu,
inda ruwan kududdufin kuza ke tsattsafowa.
Na ɗaga fartanya, Ladidi ta riƙe min hannu:
"Baba, bar ta mana. Dubi furenta,
fari sol, kamar laima."
Na bar ta.
Wa zai tsaya musu da 'yar shekara shida
a kan tsiro guda?

Bana ga su nan, ba su ƙirguwa.
Sun shiga kunyar latas, sun ratsa kabeji,
sun zauna cikin karas ɗina na gaske
kamar da su aka raba gado.
Ganye ɗaya, ƙamshi ɗaya,
sai ka tuge sannan ka ga abin kunya:
saiwa fara, siririya kamar wutsiyar ɓera,
ka tauna, itace; ka haɗiye, ɗaci.
Kama da wane dai ba ta wane.

Irin da na ajiye da hannuna ma sun ɓata shi.
Na kai buhu uku Farin Gada,
dillali ya karya ɗaya, ya duba cikinsa,
ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.
Na biya kuɗin mota zuwa, na biya na dawowa,
akuyoyin Lamingo suka yi biki.

Davou, maƙwabcina, ya leƙo ta kan shinge,
hularsa ta sanyi har kunne.
Ya ce, "Kada ka sare ta, saran kai aski ne,
gobe za ta fito da sabuwar suma.
Jira ruwa. In ƙasa ta sha ta yi laushi,
kama ta a wuya, ka ja a hankali,
kamar mai zare ƙaya daga ƙafar yaro."

Ruwa ya zo ranar Laraba, har da ƙanƙara.
Alhamis tun duwatsu na cikin hazo
na durƙusa a taɓo.
Wata ta fito salin-alin,
wata ta tsinke a tsakiya, ta bar rabinta a ƙasa,
na bi ta da tsinken ƙarfe ina haƙa
kamar mai bin bashi.
Yatsuna suka ƙage, bayana ya yi ƙara,
ladan ya kira azahar ina kunya ta huɗu.

Furen da ya tsufa yakan dunƙule
kamar sheƙar tsuntsu, cike da 'ya'ya masu ƙaiƙayi.
Waɗannan ban zuba su a juji ba,
na tara su a tsohuwar garwa na cinna wuta.
Hayaƙin ma ƙamshin karas yake yi,
maƙaryaciya har a bakin mutuwa.

Da yamma na zauna cire takalmi,
sai na ga ƙafar wandona:
'ya'yanta ne jingim, sun maƙale a zare.
Ashe duk zagin da na yi wa iska,
da karen Davou, da tsuntsaye,
ni ne motar da ke kai ta kunya-kunya,
kyauta, ba ko sisi.

Ladidi yanzu shekararta takwas.
Ta taya ni kwana uku, ba ta ce uffan ba.
Jiya na ga kwalba a tagar ɗakinta,
da ruwa rabi, da fure ɗaya fari sol.
Na tsaya. Na ƙirga kwanakin da suka rage
kafin ya dunƙule ya fara ɗaukar ciki.
Shida, ko bakwai in sanyi ya yi yawa.
Na ƙara masa ruwa,
na sa almakashi a aljihu.